Kyautar Filin Dangi A Kurmi: Shekara Nawa Mai Haƙƙi Ke Da Su Kafin Bakinsa Ya Mutu?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu mazauna Kurmi, daga Agege har Shagamu, daga Sabon Badun har Anacha. Da zarar rigimar fili ko ta gida ta taso, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, "Ai shekara 12 ta wuce, babu kotun da za ta saurare su." Wani ya ce a'a, shekara 10 ce, haka ya ji a wajen malam. Na uku ya ce 40. Duk su ukun akwai inda suka samo lissafinsu, kuma duk su ukun suna iya jefa mutum cikin asara idan ya ɗauki lissafin ya kai shi inda ba muhallinsa ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bi sawun waɗannan lambobi, daga ina kowace ta fito, kuma a kan wa take aiki.

Maganar ta shafe mu ta hanya biyu. Da yawa daga cikin gidajenmu da masallatanmu da kara da zango suna zaune ne a kan filin da kakanninmu suka ce "kyauta aka ba ni", kuma wanda ya bayar ɗin wani dattijon Bayarabe ne wanda filin ba nasa ba ne shi kaɗai, na danginsa ne. Sannan a cikin gidajenmu ma, mai gida ya rasu ba a raba gado ba, babban wa ya riƙe komai, wata rana sai a wayi gari ya ba ɗansa shago, ko ya ba surukinsa ɗaki biyu, ko ya yanka wa masallaci gefe. A duka biyun tambayar ɗaya ce: wanda ba a shawarce shi ba, har zuwa yaushe yake da damar ya tashi ya ce bai yarda ba?

Hausawa sun daɗe suna shigowa ƙasar Yarbawa tun kafin zuwan Turawa, fatake da masu shanu da malamai, wasu kuma bauta ce ta kawo su. Amma zaman da ya haifar da unguwannin da muka sani yau, jirgin ƙasa ne ya ƙarfafa shi. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, goro ya samu hanyar hawa Arewa cikin 'yan kwanaki, shanu kuma suka samu ta gangarowa. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo, bayan sun daɗe suna zaune a cikin gari tare da masu masaukinsu. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda kasuwancin goro da na shanu gaba ɗaya ya jingina a kan gida: mai gida shi ne mai ɗakunan saukar baƙi, shi ke ajiye kaya, shi ke tsayawa a kan bashi. Wato gida a wajenmu jari ne, ba wurin kwana kawai ba. Filin Sabo kansa hukumar gari ce ta yanka, saboda haka ba shi nake nufi ba. To amma Sabo ta cika, sauran unguwannin ma sun cika, mutane suka fantsama bayan gari suna neman wurin kafa rumfa da turke, kuma a bayan gari babu filin da ba shi da dangin da ke kiransa nasu.

Yadda ake yi a wancan zamani sananne ne. A je gaban dattijo da goro da ɗan abin gaisuwa, ya taka da ƙafarsa ya nuna daga wannan bishiya zuwa wancan rafi, a yi addu'a a watse. Babu takarda, babu awo. Bahaushe ya koma gida da fahimtar cewa an ba shi, domin a tunaninsa wanda ya nuna iyaka shi ne mai abu. A nan ne gizo ke saƙar.

A al'adar Yarbawa, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, ƙasarsa da gidansa suna komawa mallakar 'ya'yansa a dunƙule, su zama kayan dangi. Kowa yana da haƙƙin zama da noma da cin amfani, amma babu wanda zai nuna wani yanki ya ce wannan nawa ne har ya sayar ko ya kyautar, sai ranar da aka yi rabo da yardar kowa. Shugaban dangi, wanda ake kira Dawodu ko Olori Ebi, a Badun kuma Mogaji (kunnen Bahaushe ba zai rasa jin "magaji" a ciki ba), mai riƙo ne kawai. Kotunan Turawa sun tabbatar da wannan tun da wuri. A shari'ar Lewis da Bankole a Ikko, wani basarake mai suna Mabinuori ya rasu a 1874, sai bayan fiye da shekara 30 zuriyarsa suka kai juna kotu a kan gidajen da ya bari, kuma a 1909 kotu ta yanke cewa gidajen na dangi ne, babban ɗa namiji shi ne shugaba, amma dole ya shawarci sauran rassa a kan duk wani babban al'amari, mata ma suna da haƙƙinsu.

Wadda ta fi shahara ita ce shari'ar Amodu Tijani, Cif Oluwa na Ikko. Gwamnatin mulkin mallaka ta karɓi filin Apapa a 1913 ta ce ba za ta biya shi a matsayin mai ƙasa ba. Ya ɗauki ƙafa har Landan, Herbert Macaulay yana masa rakiya, kuma a 1921 majalisar alƙalan Sarkin Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta ba shi gaskiya, aka biya fam 22,500. Abin lura a gare mu shi ne dalilin hukuncin: an biya shi ne a madadin jama'arsa, domin alƙalan sun karɓi bayanin cewa a wannan yanki ƙasa ta gari ce ko ta dangi, shugaba amana yake riƙe da ita. Hukuncin da ya ƙwato wa Yarbawa haƙƙinsu daga Bature, shi ne kuma ya nuna cewa dattijon da ya taka wa kakanmu iyaka ba lalle ne yana da ikon yin hakan shi kaɗai ba.

Daga nan kotuna suka yi ta tace ƙa'idar har ta tsaya a shari'ar Ekpendu da Erika a 1959. Idan shugaban dangi da manyan wakilan rassa suka haɗu suka bayar, magana ta ƙare. Idan wasu 'yan dangi suka sayar ba tare da shugaba ba, cinikin ɓatacce ne tun asali, tamkar ba a yi ba. Idan kuma shugaba ne ya sayar da sunan dangi amma bai nemi yardar manyan wakilai ba, cinikin yana da rai, sai dai waɗanda aka tsallake suna iya zuwa kotu su sa a soke shi. Kotun Ƙoli ta ƙara a shari'ar Solomon da Mogaji a 1982 cewa idan shugaba ya sayar yana iƙirarin filin nasa ne na ƙashin kansa, wannan ma ɓatacce ne.

Ina matsayin kyauta a cikin wannan? Mai karatu zai iya zaton za a fi yi mata sassauci tunda alheri ce. Akasin haka ne. Ƙa'idar da lauyoyi ke jinginawa ga shari'ar Oshodi da Aremu ta 1952, a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita ce shugaban dangi ba shi da ikon kyautar da filin dangi shi kaɗai, ko da ga ɗan dangin ne, in kuma ya yi to kyautar ɓatacciya ce. A ganina dalilin a fili yake. Ciniki yana kawo kuɗi, ana iya cewa an yi wa dangi hidima da su, an yi jana'iza ko an biya lauya. Kyauta kuwa babu abin da ta dawo da shi cikin gida. Saboda haka wanda ke riƙe da fili da hujjar "kyauta aka ba kakana" ya fi wanda ya saya zama a kan siraɗi, sai fa in zai iya nuna cewa dangi sun sani kuma sun yarda, an kuma miƙa filin a gaban shaidu kamar yadda al'ada ta tanada.

Yanzu sai lokaci. Al'adar Yarbawa, da ta mafi yawan ƙabilun Kudu, ba ta san cewa daɗewa a kan fili yana mayar da shi naka ba. Ko shekara 100 ka yi, mai abu yana nan da abinsa. Lissafin shekara 12 daga Ingila ya zo. Dokarsu ta 1833 ta ba mai ƙasa shekara 20 ya kai ƙara, ta 1874 ta rage zuwa 12, kuma da yake an shigo da dokokin Ingila na gama-gari da ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900, sai lissafin ya biyo jirgi ya sauka a nan. A 1959 Jihar Yamma ta yi tata dokar ƙayyade lokacin ƙara, ta riƙe shekara 12 ɗin, Ikko ma 12 ce, wasu jihohin kuma kamar Ribas daga baya suka sa 10. Ma'anarta ita ce idan wani ya shiga filinka yana riƙe da shi a matsayin nasa, ka bari wa'adin ya cika ba ka shigar da ƙara ba, to ƙarar ta mutu, haƙƙin ma ya bi ta. Ana ɗaga wa ƙaramin yaro ƙafa, da mai taɓin hankali, da wanda aka ɓoye wa gaskiya ta hanyar zamba.

To amma fa ga abin da masu cewa "12 ta wuce" ba su cika faɗa ba. A sashenta na farko, dokar 1959 ta cire ƙasar da ake riƙe da ita bisa al'ada daga cikin hukuncinta. Wato ainihin irin filin da muke magana a kai, filin dangi wanda bai taɓa fita daga hannun al'ada ba, agogon shekara 12 bai hau kansa ba. Jihohin da aka yanko daga tsohuwar Yamma sun gaji wannan doka, wasu kuma sun sake rubuta tasu daga baya, don haka wajibi ne a buɗe ta jihar da filin yake a karanta kafin a dogara da kowane lissafi.

Indiya, wadda muka yi tarayya da ita a mulkin Ingila, ta bi wata hanya dabam. Su ma suna da dukiyar dangi ta haɗaka a tsakanin mabiya addinin Hindu, amma sun rubuta wa'adi ƙarara a dokarsu ta 1963: ɗa mai son ya soke abin da ubansa ya fitar daga dukiyar kakanni yana da shekara 12, daga ranar da wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa. Mu a nan ba a yi haka ba, sai aka bar wa alƙali ya auna.

Ma'aunin ya samo asali daga wata shari'a ta yankin Gabas a 1913, Akpan Awo da Cookey Gam. Waɗanda ake ƙara sun shekara 21 suna riƙe da fili, suna karɓar haya, suna ba wasu izinin zama, masu ƙara suna gani ba su ce uffan ba. Kotu ta ce ko da a ce asalin filin na masu ƙara ne, kuma ko da yake al'ada ba ta san ƙurewar lokaci ba, ba za ta bari a yi amfani da al'ada a tayar da wanda aka bari ya daɗe haka yana ganin abin nasa ne ba. Wannan hukunci shi ne inuwar da yawancin baƙi irinmu suka fake a ƙarƙashinta fiye da shekara 100, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Sai shari'ar Mogaji da Nuga a 1960, wadda ta fi kusa da batunmu. Shugaban dangi ya sayar da fili da sanin wasu rassa, sauran rassan suka yi zamansu kimanin shekara 10 sannan suka zo a soke. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yarda cewa da farko suna da wannan dama, amma ta ce sun makara.

Kada wani ya ɗauki 10 ko 21 ɗin nan ya mayar da su doka. Alƙali ba yatsu yake ƙirgawa ba. Yana duba yaushe mai ƙara ya sani, domin lokaci ba ya fara tafiya a kan wanda bai sani ba. Yana duba ko mai riƙe da filin ya yi imani da gaske cewa nasa ne, ko kuwa ya san da lauje cikin naɗi. Yana duba ko ya kashe kuɗi ya yi gini a bainar jama'a, masu filin suna wucewa ta gaban ginin kullum ba su hana ba. Wanda ya ga ana zuba harsashi ya yi shiru har aka rufa kwano, 'yan shekaru kaɗan suna iya isa a rufe masa baki. Wanda kuma aka kyautar da filinsu a ɓoye, filin yana nan fayau babu ko bulo ɗaya, yana iya zuwa bayan shekara 30 a saurare shi. Bugu da ƙari, wannan kariya garkuwa ce kawai. Tana hana a tashe ka, amma kotuna sun sha faɗa cewa daɗewa ita kaɗai ba ta isa ka je ka nemi a ayyana ka a matsayin mai fili ba idan mai asalin ya kawo hujjarsa. Kyautar da ta ɓaci tun ranar farko shekaru ba sa gyara ta, iyakar abin da suke yi shi ne su ɗaure hannun mai ƙara.

Akwai kuma ramin da ya fi wannan zurfi, wato bambancin kyauta da aro. A ƙasar Yarbawa ana ba baƙo fili ya zauna shi da zuriyarsa har illa ma sha Allahu, da sharaɗin ya riƙa kai ɗan abu duk shekara, doya ko manja ko kuɗi kaɗan, abin da suke kira ishakole. Mutanenmu da yawa sun ɗauki wannan a matsayin gaisuwa ta mutunci, irin wadda ake kai wa babba da salla. A idon al'ada kuwa shaida ce cewa kai ɗan zaman aro ne, kuma lokaci ba ya taɓa gudana a kan mai bayar da aro. Shari'ar Abioye da Yakubu ta Jihar Kwara ta isa misali. Kakannin wasu Fulani makiyaya sun samu wurin zama da kiwo daga wasu dangin Yarbawa, suna biyan abin da aka yanka musu, har kimanin shekara 60. Bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai suka ga ai yanzu ƙasa ta koma hannun gwamnati, su ne kuma ke kai, suka kafa alluna da ke nuna wurin nasu ne. Maganar ta kai Kotun Ƙoli a zamanin Babban Joji Muhammadu Bello, kuma a 1991 kotu ta ce dokar 1978 ba ta shafe dangantakar mai ƙasa da ɗan aro ba, musun haƙƙin mai ƙasa kuwa laifi ne da ke jawo a ƙwace zaman gaba ɗaya. Da sun ci gaba da kai ɗan abin da suka saba, babu mai ikon tashinsu. Allon da suka kafa shi ya ja musu.

Haka ma satifiket ɗin gwamna, wanda wasunmu ke ɗauka kamar laya. Dokar da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma ba ta kashe haƙƙin dangin da ke riƙe da filayensu kafin ranar ba. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya ƙirƙirar haƙƙin da babu shi, idan tushen ya ruɓe takardar ba za ta tsaya ba.

Mu dawo cikin gida. Bahaushe Musulmi da ya rasu ya bar gida a Ikko ko Badun, wace doka ce ke bin gadonsa? Tun 1945, a shari'ar Tapa da Kuka, inda wani Banufe Musulmi ɗan Bida ya rasu ya bar gida a Ikko, kotu ta ce dokar da mamacin ke bi a garinsu ita za a duba, ba al'adar Ikko ba. Saboda haka gidan gadonmu ba kayan dangi ba ne irin na Yarbawa. A shari'ar Musulunci, daga lokacin da rai ya fita, bayan jana'iza da bashi da wasiyya, kowane magaji ya mallaki kasonsa sananne, mace da namiji, ko an raba ko ba a raba ba. Babban wa ba Mogaji ba ne, abokin tarayya ne kamar kowa. Na lura zaman Kurmi ya sa wasu gidajenmu sun ari tsarin maƙwabta ba tare da sun ankara ba, ana cewa "gidan gado ba a raba shi", alhali babu inda littafi ya ce haka.

A mazhabar Malikiyya mutum yana iya kyautar da kasonsa ko da ba a raba ba, saɓanin Hanafiyya da suka hana hakan a abin da ke rabuwa. Amma kasonsa kaɗai. Abin da ya wuce nan dukiyar wani ce, ba ta fita sai da yardar mai ita. Kyauta kuma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Idan mai bayarwa ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓa, kyautar ta rushe ta koma cikin gado. Wannan kaɗai ya isa ya warware rabin rigingimun "Baba ya ba ni tun yana da rai" da ake kawowa fadar Sarkin Hausawa.

Lissafin 10 da 40 daga nan suka fito, daga babin hauzi na littattafan da alƙalan Arewa ke hukunci da su, Mukhtasar na Shehu Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnada da ya rasu a 1426. Idan bare ya riƙe gida ko gona shekara 10, yana gini yana rushewa kamar mai abu, yana kuma cewa nasa ne, mai haƙƙi yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a ƙara sauraron da'awarsa. Tsakanin 'yan'uwa kuwa sai an haura shekara 40, domin an san ɗan'uwa yana kawar da kai ga ɗan'uwansa saboda zumunci, sai dai in dama akwai gaba a tsakaninsu, a nan sai a yi musu lissafin bare. Tsakanin uba da ɗa ma abin ya fi haka tsawo.

Sai dai wannan dogon wa'adi na zama ne da noma da cin haya. Da zarar wanda ke riƙe da abin ya fitar da shi daga hannunsa ta hanyar sayarwa ko kyauta, lissafi ya canza gaba ɗaya, kuma wannan ne wurin da na ga mutane sun fi yin barci. Malaman Malikiyya sun ce idan aka kyautar da dukiyarka kana zaune a majalisar, ka ji ka gani ka yi shiru har aka tashi, shirunka yarda ce, ba ka da sauran magana. Idan ba ka wurin, labari ya iske ka daga baya, kana da damar ka tashi ka rushe kyautar, amma in ka bari shekara 1 ta wuce bayan ka sani, ta zauna. A ciniki akwai ɗan sauƙi, domin wanda ya rasa damar rushewa yana iya bin kuɗin. A kyauta babu kuɗin da za a bi. Ka ga ke nan ƙanin da ya bar wansa a cikin gida shekara 30 bai rasa komai ba, amma ranar da wan ya tara mutane ya ce ya ba ɗansa shagon gaba, kunyar minti 10 tana iya cinye abin da shekara 30 ba ta ci ba. Mu kuwa mutane ne masu kara, ba a musa wa babba a gaban jama'a. Karar nan tana da tsada.

Shari'a ba ta bar raunana haka nan ba. Lokaci ba ya gudana a kan yaro sai ya balaga ya yi hankali, ko a kan wanda ke nesa, ko wanda tsoron mai ƙarfi ya rufe wa baki. Malaman Magrib sun ma yi fatawa cewa a wuraren da aka saba danne gadon mata, kyautar da 'yar'uwa ta yi wa ɗan'uwanta don kunya ko tsoron a yanke ta daga dangi ba ta da inganci, tana iya dawowa ta nema, ita ko magadanta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, ganin yadda ake aurar da 'ya'ya mata zuwa Kano ko Sakkwato ko Katsina, gidan uba yana Agege, sai bayan shekaru su ji an yi kyauta da sashen da kasonsu ke ciki.

Ina za a kai ƙarar? Tsarin mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan kyauta da wasiyya da wakafi da gadon Musulmi, amma ya bar wa kowace jiha zaɓin kafa ta. Kwara tana da ita. Legas da Oyo da Ogun ba su kafa ba. Abin da ake da shi a Ikko da Badun tun farkon shekarun 2000 shi ne zaurukan sulhu na shari'a masu zaman kansu, waɗanda ƙarfinsu ya tsaya ga yardar masu jayayya. Saboda haka yawancin rigingimunmu a gaban Sarkin Hausawa da limamai suke farawa, in sun gagara su faɗa babbar kotun jiha, inda alƙalin zai iya kasancewa bai taɓa jin kalmar hauzi ba, sai an kawo masa masani ya yi bayani. A can kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai jawo dokar wa'adi ta jihar, musamman in gidan da takardar ciniki irin ta Turawa aka saye shi, ko ya jawo hukuncin 1913 ya ce an yi sakaci.

A nan akwai wani abu da ya kamata masu zuwa sulhu su sani. A wajen malam, ka tashi a gaban shaidu ka ce ba ka yarda ba, ka ci gaba da jayayya, wannan ya isa ya nuna ba ka yi shiru ba. A dokar wa'adi ta kotu kuwa, zaman sulhu ba ya tsayar da agogo. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 1994, cewa tattaunawa tsakanin masu jayayya ba ta hana lokaci tafiya, shigar da ƙara ne kawai ke tsayar da shi. Ana iya shekara 3 ana kai da komo tsakanin fada da masallaci, ana ɗage zama saboda azumi, saboda aikin hajji, saboda wane ya tafi gida ganin iyali, wa'adi kuwa yana ci.

Su kuma waɗanda ke zaune a kan filin da wani dangin Yarbawa suka ba kakansu, hanyar da lauyoyin Kudu suka saba bi ita ce a koma wajen dangin tun ana ga-maciji, a rubuta takardar tabbatarwa wadda shugaban dangi na yanzu da wakilin kowane reshe za su sa wa hannu, a haɗa da taswirar safiyo, a kai ofishin ƙasa a yi rajista. Za a nemi kuɗi, wani lokaci masu yawa, kuma dole a bincika a tabbatar wanda ya zo da sunan shugaba shi ne shugaban, domin 'yan omo onile sun ƙware wajen kawo dattijon haya. Jihar Legas ta yi doka a 2016 da ta haramta shiga fili da ƙarfi da karɓar kuɗin ƙaƙa-gida a wajen masu gini, amma dokar ba ta hana dangi na gaskiya zuwa kotu da hujjarsu ba. Kafin a zauna da su, a fara tambayar tsofaffin gida ko an taɓa kai wani abu duk shekara, me ake kaiwa, wa ake kai wa, kuma a wace shekara aka daina.